Takun da Ovide Ya Rage wa Ƙanensa

Ovide Bilodeau bai taɓa yin tsalle daga hasumiyar garinmu ba, ko sau ɗaya. Shekara arba'in da 'yan kai yana bauta wa tudun da hasumiyar ke kansa, yana hawa da dusar ƙanƙara a kwando idan ta yi ƙaranci, yana tattake ta idan ta yi yawa. Amma ka ce masa ya ɗaura katakan zamiya a ƙafa ya gangaro, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce uwarsa mahaukaci ɗaya ta haifa, kuma ya ishe ta. Mahaukacin shi ne ƙanensa Remi.

Ni Halvor Brekke, na san Ovide fiye da yadda na san matata, Allah ya ji ƙanta, don ita ba ta taɓa tsayawa kusa da ni awa biyar cikin sanyi ba tare da ta ce uffan ba. Inji ɗaya muke tsaro a kamfanin takarda na Carrow Falls. Su Faransawan Kanada suna hagun kogi, mu jikokin 'yan Norway muna dama. Su ce mana masu cin busasshen kifi, mu ce musu masu shan miyar wake. Abu biyu ne kawai ya haɗa mu, warin kamfani da hasumiyar tsalle.

Aikinmu a tudun shi ne riƙe sanda. Mukan jeru a gefen gangaren da masu tsalle ke dira, kowa da sandar gora a hannu, kowa da 'yan takun da aka ba shi ya tsare, ga lambobi a rubuce a kan alluna. Darasi na farko da ake koya maka shi ne kada ka ɗaga kai. Wanda ya kalli mutum yana shawagi a iska ya more kallo, amma bai yi aiki ba. Idonka na kan ƙanƙarar da ke gabanka har sai ƙafafu sun faɗo cikinta. Mai tsalle yakan dira ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ya rusuna kamar mai gaida surukai, doka kuwa ta ce tsakiyar ƙafafun ake aunawa. Sai ka nuna wurin da sanda, ka faɗi lamba. Na kusa da kai ya maimaita da ƙarfi don alƙalai su ji a rumfarsu, su rubuta. Ni ne mai maimaita wa Ovide. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, na Ovide kuwa ya fi na kowa sani.

To amma mu a Carrow Falls muna da wata doka tamu da ba ta cikin littafi. Tsoho Torger, shugaban tudun, shi ya kafa ta tun ba a haife mu ba, bayan wata rigima da aka yi tsakanin hagu da dama a kan awon tsallen wani, har mutum ya bar haƙori biyu a ƙanƙara. Torger ya ce daga yau duk wanda jininsa ya dira a gabansa, ɗa ne ko ƙane ko ɗan 'yar'uwa, ƙafar baya zai nuna. Ba wanda ya cutu, don a garin nan ba mai tsallen da ba shi da ɗan'uwa a gangare, yau a rage wa wannan gobe a rage wa wancan. Abin ma ya zama ado. Uban da ya nuna wa ɗansa ƙafar baya har bubbuga masa kafaɗa ake yi, a miƙo masa kofi mai zafi, a ce wane namiji ne. Mun tashi mun tarar da ita, ta shige mana hannu kamar riƙe cokali.

Ovide na da shekara goma sha biyar kogi ya cinye mahaifinsu yana korar gumakan itace zuwa kamfani. Sati bai zagayo ba ya ajiye littafi ya ɗauki gwangwanin abinci ya shiga aikin kamfani. Remi na da goma a lokacin. Ba wanda ya ce wa Ovide ka zama uba, shi ya ga kujerar ba kowa ya zauna. Duk kaka sai ya baje katakan Remi a teburin kicin yana shafa musu kwaltar itace yana gasa ta, uwarsu Exilda na faɗa wai har fankenta warin kwalta yake yi. Remi kuwa iska ce uwar ɗakinsa. Ga gudu a daji, ga gangara, ga kewaya sanduna, ga tsalle, ba wanda ya bari. Kansa kuma yana ja. Da wata kwaleji a kudu ta ɗauke shi, shi ne na farko a zuriyar Bilodeau da ya taka irin wannan wuri, Exilda ta gaya wa kowa a coci har da waɗanda ba su tambaya ba. Ovide kuwa ranar ya saka filas biyu na kofi a jaka ya ba ni ɗaya, abin da bai taɓa yi ba.

A shekarar Remi ta uku, ba da daɗewa ba bayan yaƙin Koriya, aka kawo gasar ƙasa ta samarin kwalejoji yankinmu. Fanni uku aka yi a duwatsun kudu, aka bar tsalle na ranar ƙarshe a tudunmu, don ba hasumiyar da ta kai tamu. Akwai kambun da ake ba mutum ɗaya da ya fi kowa idan an haɗa makin fannoni huɗun, kuma labari ya riga ya iso mana cewa mutum biyu ne ke wuyan juna a kansa: Remi, da wani dogo daga Colorado. Kwana uku muna tattake gangaren, mu sittin, mun sarƙe hannu da hannu muna hawa muna sauka, mai kifi riƙe da mai wake. Sai wani jami'in gasar ya tara mu ya karanta mana doka daga takarda, ya ce tsakiyar ƙafafu, ga kowa da kowa. Muka gyaɗa kai. Ba wanda ya ta da zancen ƙafar baya, ba abin faɗa wa baƙo ba ne.

Da safen ranar na biya gidansu don mu tafi tare. An bar Remi ya kwana gida, na same shi yana loda fanke kamar wanda za a kai kurkuku. Ya nuna Ovide da cokali.

"Yaya, in na faɗo gabanka yau, ban da ƙafar baya fa."

"Ka fara isowa gabana tukuna, sarkin cika baki."

"A'a, ka dai faɗa a gaban mai kifin nan, ya zama shaida."

"Ni kada ku sa ni a rigimar miyar wake," na ce.

Ovide ya ajiye kofinsa. "Yau dokar baƙi ce, auta. Tsakiya. Na yi maka alkawari."

Duk da haka da muka isa tudun aka zo rabon wuri, sai na ji ya roƙi a ba shi can ƙasa, wajen taku ɗari biyu. Na ce masa, "Kai Bafaranshe, can ai barci za mu yi, wa zai kai can?" Ya ce shi ya sa. Remi bai taɓa wuce ɗari da casa'in ba a rayuwarsa. Ovide ya yarda da alkawarinsa, hannunsa ne bai yarda da shi ba.

Ranar ta yi kyau har ta yi yawa. An rufe rabin kamfani, garin duka ya hau tudu, Exilda ma ta zo a nannaɗe da bargo. Tsoho Torger, da lofensa a baki, ya zo ya tsaya daidai bayanmu, wai nan ne ya fi ganin komai. Zagayen farko Remi da dogon suka tashi kusan kunnen doki. A na biyu dogon ya dira a ɗari da casa'in da shida, tsaf da shi. Sai aka kira lambar Remi. Ban ɗaga kai ba. Na ji ihun mutane ya tashi, sannan ya ɗauke ɗif, na san mutumin nan ya yi nisa a sama fiye da yadda aka saba. Sai ga ƙafafu a gabanmu, fam, ƙanƙara ta yi feshi. Na gan su kamar yadda nake ganin hannuna yanzu. Ta baya a ɗari da casa'in da tara, ta gaba a ɗari biyu da ɗaya. Tsakiya ɗari biyu cif.

Sandar Ovide ta miƙe ta sauka a kan ta baya.

"Ɗari da casa'in da tara," ya ce.

Ni kuma, da bakin nan nawa da ba ya gajiya da gyara wa mutane zance, na buɗe shi na kwarara: "Ɗari da casa'in da tara!" Torger ya cire lofe ya dafa kafaɗar Ovide ya ce, "Ɗan halak." Na waiwaya na ga fuskar Ovide ta yi fari fat kamar takardar da muke fitarwa a inji.

Da aka haɗa maki, dogon Colorado ya ɗauki kambun da ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba. Taku ɗayan nan ya isa ya rufe tazarar har da saura, kowa ya iya wannan lissafin. Mutanen gari suka yi ta ce wa Ovide sannu da ƙoƙari, an nuna wa baƙi cewa Carrow Falls ba a cuta. Remi ya hawo gefen gangaren da katakansa a kafaɗa, ya wuce ta gabanmu kai a sunkuye, bai dubi yayansa ba. Exilda ta gasa burodin nama don biki, bai ci ya kai loma uku ba. Da la'asar ya shiga motar 'yan kwalejinsu.

Bai sake kwana a gidan ba. Hutun bazara ya samu aiki a wani wuri. Ranar da Remi ya gama karatu Ovide ya tura uwarsu bikin a motar limamin cocinsu, ya ce shi yana da aiki, alhali ni na san ya roƙi a ba shi aikin ne. Daga nan Remi ya tafi Idaho aikin gandun daji, ya yi aure can. Duk Kirsimeti sai kati ya zo, ba komai a ciki sai layi ɗaya: ƙanƙara ta kai taku kaza a nan, Remi. Ovide ya ɗauki sanda ya fita bayan gida ya auna tamu, ya rubuta: taku kaza a nan, Ovide. Zumuncinsu ke nan, shekara da shekaru. Ni dai ban taɓa ganin 'yan'uwa biyu da suka san zurfin ƙanƙarar juna haka ba.

Na sha yi masa magana. Wata rana a wajen cin abinci a kamfani na ce, "Don Allah ka rubuta masa abin kirki mana. Takarda muke yi a nan, ba ta ƙare ba."

"In ce masa me?"

"Ka ce hannunka ne ya riga ka."

"Ƙarya ke nan, Halvor." Ya daɗe yana juya murfin gwangwaninsa. "Na ji numfashin Torger a ƙeyata. Na ji idon gari a kaina. So na yi a ce ni mutumin kirki ne, sai na yanki na yaron na saya wa kaina. In rubuta masa wannan? Ai gara ya ci gaba da fushinsa, yana da gaskiya."

Exilda ta rasu a watan Janairu, ƙasa ta daskare ba a iya haƙa, aka ajiye ta a ɗakin maƙabarta har Mayu kamar yadda ake yi wa kowa. Wata huɗu ke nan Ovide ya samu na shiri. Ya yi wa ɗakin Remi na sama fenti, ya sa matarsa Laurette ta ɗinka sabon labule, ya sayo katifa. Remi ya zo da safen ranar jana'iza. A bakin kabari suka yi musabaha kamar wakilan kamfani biyu. "Yaya aiki?" "Da godiya. Ya hanya?" "Lafiya." Kowa na kallon takalmin ɗan'uwansa. Kafin a gama shan kofi a zauren coci Remi ya ce jirginsa ba ya jira. Laurette ta gaya mini Ovide ya hau sama ya zauna a bakin sabuwar katifar har rana ta faɗi.

Duniya ta ci gaba da juyawa ba ta nemi shawararmu ba. Torger ya mutu, dokarsa ta bi shi. Aka cire tsalle daga gasar kwalejoji gaba ɗaya. Samarin gari suka koma duwatsun da inji ke ɗaukar mutum a kujera ya kai shi sama, wa zai hau matakala ɗari uku da katako a kafaɗa? Hasumiyar ta fara zubar da alluna, aka kewaye ta da waya. Laurette ma ta rasu, ita da ta saba cewa miji ɗaya ta aura aka haɗa mata da tudu. Amma duk kaka sai ka ga Ovide da adda yana sare ƙananan itatuwan da suka fito a gangaren. Ba duka ba, ƙarfinsa ba zai kai ba. Daga ɗari da casa'in zuwa ɗari biyu da goma kawai. Ƙanƙara ta sauka, ya je ya tattake wannan ɗan fili shi kaɗai, gaba da baya. Mutane suka ce tsufa ya taɓa shi. Na ce masa, "Wa zai dira a nan, barewa?" Ya ce, "In ya zo zai so ya ga wurin." Tsofaffin katakan Remi ma bai fasa shafa musu kwalta ba, sai ya jingine su a bayan ƙofar kicin. Kewa ce take cinsa, ba na ɓoye muku, kuma ni ma kallonsa yana cina.

Shekara talatin da bakwai bayan gasar, ƙurar kamfani ta gama da huhunsa. Likita ya ce ba zai ga ganyen bana ba. Na je dubiya na same shi a kujera kusa da taga mai kallon hanya, katunan Kirsimeti a cinyarsa a ɗaure da zare. Na dawo gida zuciyata na tafasa, na yagi takarda. Ban iya lallashi ba, ban kuma yi niyyar koya ba. Na rubuta: "Remi, yayanka na mutuwa. Shekara talatin da bakwai kana hura hanci a kan taku ɗaya, taku ɗaya tak, wanda takalmina ma ya fi shi tsawo. Ni na maimaita lambar, in zagi kake so ka zo ka zage ni. Shi dai ya biya, ya biya har ya gaji. Zumunci a ƙafa yake, ba a kati ba. Halvor mai kifi."

Kwana tara bayan haka, wajen ƙarshen Maris, ina kicin ɗin Ovide ina ɗumama masa miyar wake, wadda tsufa ya sa na koyi sha, sai muka ji mota. Wani tsoho mai sanƙo ya shigo yana ɗingishi. Ba don hancin Bilodeau ba da na tambaye shi wa yake nema. Ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa ya faɗa kan katakan da ke jingine, ya kai hannu ya shafa, ya shinshina yatsunsa.

"Har yanzu kwaltar ta yi yawa, yaya."

"Ina gashinka, auta?"

"Na bar shi Idaho, yana gaishe ka."

Ovide ya yi dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa. Da ya samu numfashi bai ce wa Remi zauna ba, bai ce ga miya ba. Ya ce in ɗauko masa sandarsa a bayan murhu, mu kai shi tudu. Na ce, "Kai Bafaranshe, kana da hankali kuwa? Daga nan zuwa bayan gida ma sai an riƙe ka." Ya ce ya jira shekara talatin da bakwai, ba zai ƙara jiran a huce miya ba.

Muka nannaɗe shi da bargon Exilda, muka kai shi gindin tudu a mota, muka ɗora shi a kan katakon da ake jan itace da shi. Tsofaffi biyu suna jan na uku, ɗaya na ɗingishi ɗaya na zagi. Allah ya taimake mu ɗari biyu ba ta da nisa daga ƙasa. Bana bai samu tattakewa ba, amma filin na nan fili, ba ko tsiro, daji ya rufe ko'ina sai nan. Allunan lambobi uku sun rage, shi ya sake musu fenti. Remi ya tsaya yana kallon allunan.

Muka ta da Ovide tsaye, ya dogara da ni. Ya nuna da sanda. "Ta bayanka nan ta sauka. Ta gaba nan. Na yi maka alkawari a kan teburin uwarmu, na karya, don a ce da ni ɗan halak. Kambun nan naka ne, auta, ni na cire maka shi. Fushinka daidai ne. So nake kawai ka ji daga bakina."

Remi ya dube shi, ya dube ni. "Wasiƙar mai kifin nan ce ta ɗaure mini kai tun daga Idaho. Wane fushi? Yaya, wai kana nufin ba ka ga hannuna ba?"

"Wane hannu?"

"Na hagu. Da na dira na karkace, na dafa ƙasa. Na dafa sosai, safar hannuna ta cika da ƙanƙara. Feshi ya rufe wa alƙalai, kuma ta ɓangarenku ne, ba nasu ba. Da sun gani faɗuwa za su rubuta, ko na goma ba zan zo ba." Ya dubi tafin hannunsa. "Sai na ji lambar. Na ce a raina yayana bai taɓa karya alkawari ba tun da aka haife ni. Ya ga hannun. Bai tona ni a gaban Mama ba, amma ya hana ni ɗaukar abin da ba nawa ba. Ni kuma na je na miƙa wuya aka rataya mini lambar na biyu, ban ce komai ba. Da wane ido zan dube ka? Kai ka bar makaranta don ni."

Ruwa na ɗiga daga itatuwa, rana ta fara narkar da ƙanƙara. Na ji nauyin Ovide ya ƙaru a kafaɗata.

"Ƙafa nake kallo," ya ce a hankali. "Ƙafa kawai aka ce mu kalla."

"Ni ma," na ce, kamar an tambaye ni.

"Da ka tambaye ni, auta."

"Da ka rubuto, yaya."

Ni kuwa na tsaya ina tuna cewa wasiƙar nan ta zagi ba ta ci mini minti goma ba, kuma tun ina da gashi baƙi na iya rubutu. Da-na-sani ƙeya ce. Hawaye ya sauko wa Remi yana sharewa da hularsa. Ya ce, "To ka gani. Ba ka cire mini komai ba. Bar sandar, mu koma gida, sanyi zai kama ka."

Ovide ya girgiza kai. Ya saki kafaɗata ya tsaya da ƙafafunsa, ban san inda ya samo ƙarfin ba. "Hannu aikin alƙalai ne, su ta shafa, suna kabari. Ni ƙafa aka ba ni. Tsaya yadda ka dira."

"Haba yaya, gwiwata ba ta lanƙwasuwa."

"Tsaya na ce."

Remi ya sa ƙafa ɗaya a ɗari da casa'in da tara, ɗaya a ɗari biyu da ɗaya, ya rusuna iya abin da gwiwar ta yarda. Ovide ya sunkuyar da kai ya kalli ƙanƙara yadda aka koya mana. Sandar ta miƙe ta sauka a tsakiya.

"Ɗari biyu," ya ce. Muryar ba ta fi raɗa ba. Ya waiwayo ya harare ni. "Kai mai kifi, barci kake yi?"

Na juya na fuskanci rumfar alƙalai, wadda rufinta ya rufta tun shekara goma, na cika ƙirjina na maimaita da duk ƙarfin da ya rage mini: "Ɗari biyu!"

Remi ya kwana a ɗakin sama, a kan katifar da aka saya masa shekara ashirin da suka wuce, ledarta ma ba a cire ba. Kwana ashirin da uku suka samu tare. Na ƙirga, don kullum da safe nakan biya in tarar da su a kicin suna gardama a kan kwalta.